Gazawar Zuciya da Motsa Jiki: Jawabi ga 'Yan'uwa

Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne ciwon da likitoci ke kira gazawar zuciya, wato zuciya ta yi rauni ko ta sandare har ta kasa harba jinin da jiki ke bukata. Hawan jinin da ba a kula da shi ba yana cikin manyan musabbabansa a ƙasashenmu.

Mu sani cewa zuciyar baligi mai lafiya tana harba jini kimanin lita 5 a minti guda idan yana zaune, in kuwa ya shiga aiki mai ƙarfi takan ninka wannan sau huɗu. Zuciyar da ta gaza ba ta iya wannan ƙari. Sai tsokoki su rasa isasshiyar iska, jini ya taru a baya, ruwa ya kwanta a huhu da ƙafafu. Wannan ne dalilin da ya sa maras lafiya ke haki da gajiya da ya ɗan taka, ko ya hau bene, ko ya ɗauki bokitin ruwa.

A nan ne da yawanmu muke kuskure. Saboda tausayi sai mu hana shi motsi, alhali yawan kwanciya yana zaizaye tsoka, raunin tsoka kuma yana ƙara haki. Wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 2,331 a Amurka da Kanada da Faransa, ya nuna cewa motsa jiki bisa ƙa'ida ba shi da haɗari ga wanda ciwonsa ya lafa, kuma yana kyautata rayuwarsa.

Don haka, 'yan'uwa, mu fara da tuntuɓar likita. In ya amince, mu raka ɗan'uwanmu tattaki na minti 5 zuwa 10 da sanyin safiya ko yamma, ana ƙarawa sannu a hankali, gwargwadon yadda zai iya magana yana tafiya. Ya rage gishiri da kanwa, ya kuma riƙe magungunansa.

Amma idan ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya kama shi, ko numfashi ya sarƙe yana kwance, ko nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, to a dakata, a garzaya asibiti. Kula da shi amana ce a wuyanmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.