Abin da Ake Karantawa a Digirin Kwamfuta: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



Shugaban ƙungiya, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya. Sakatare ya ba ni minti goma sha biyar, ya ce in yi bayanin abin da ake karantawa a digirin farko na ilmin kwamfuta. Dalilinsa biyu ne. Da yawa daga cikinmu 'ya'yanmu sun isa cike takardar shiga jami'a, kuma duk yaron da ka tambaya sai ya ce kwamfuta. Sa'an nan ga kuɗin da muka tara domin makarantarmu, an kawo shawarar a sayi kwamfutoci da su. To, zan faɗi abin da na sani, wanda maganar ba ta yi wa daɗi ba ya yi haƙuri, ɗan'uwa ne ya faɗa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ran da na shiga jami'a, zato nake za a zaunar da ni gaban injin nan mai kama da talbijin in yi ta danne-danne har in gama. Sai ga jadawalin shekarar farko: aljabara, lissafin kusurwoyi, kalkulas, fiziks, kemistiri, da Turanci. Darasin kwamfuta ƙwaya ɗaya ne tak, shi ma da alli da allo aka yi yawancinsa. Ni kuwa kun san ni, ɗan bencin baya ne a ajin lissafi, Malam na shigowa ta ƙofa ni ina neman taga. Ga shi can yana dariya, ashe bai manta ba. Zangon farko na faɗi kalkulas warwas. Da aka yi hutu, da kunyata da komai na tafi gidan Malam. Bai yi mini gori ko sau ɗaya ba. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, muka koma kan lissafin aji uku muka taso, kullum bayan la'asar har hutu ya ƙare. Malam, Allah ya saka da alheri. Digirin nan rabinsa naka ne.

A shekara ta biyu ake shiga rubuta wa kwamfuta umurni gadan-gadan. Injin nan ba shi da wayo ko na anini, biyayya gare shi da sauri. Abin da ka ce shi zai yi, ba abin da kake nufi ba, in ka manta waƙafi ɗaya sai ya tsaya cik. Mu FORTRAN da Pascal aka koya mana, muna rubutawa a takarda, mu bi layi kafin mu sami injin da za mu gwada. Yaran yanzu Python da Java da C++ suka fi yi. Amma fa harsunan nan zuwa suke suna wucewa: FORTRAN ta fito a 1957, Pascal a 1970, Python a 1991, Java a 1995. Wanda harshe kawai ya haddace, shekara goma ta ishe shi ya zama baƙo a sana'arsa.

Abin da ba ya tsufa shi ne darasin da ake kira algoridim, wato tsara hanyar warware matsala mataki-mataki. Kalmar ma daga sunan mutum ta fito, Muhammad bn Musa al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa kuma aka sami kalmar aljabara, kuma wani babban yanki na littafin nan kan lissafin rabon gado da wasiyya yake. Malamanmu na Arabiyya, kun ga ashe da ku a cikin maganar.

Ga misali. A ce an ba ka rajista mai sunan mutum miliyan ɗaya, an jera sunayen bisa harufa, an ce ka nemo suna guda. In ka bi ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba miliyan ɗin kaf kafin ka dace. In kuwa ka buɗe tsakiya, ka ga ko sunan yana gaba ko yana baya, ka yar da rabin da ba ya ciki, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, to, ba za ka wuce dubawa 20 ba. Miliyan da ashirin! Injin ɗaya ne, wutar ɗaya ce, bambancin yana cikin kan wanda ya tsara hanyar. Zango guda ake kwashewa ana irin wannan: yadda za a jera bayanai, yadda za a ajiye su, yadda za a gano hanya mafi kusa tsakanin gari da gari, kuma kowace hanya sai ka tabbatar da lissafi cewa daidai take, ka kuma auna lokacin da za ta ci.

Akwai kuma darasin manɗiƙi, wanda ni ya fi burge ni. A 1854 wani Bature mai suna George Boole ya nuna cewa ana iya mayar da "gaskiya" da "ƙarya" su zama ɗaya da sifiri, a yi lissafi da su. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi a Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki suna iya yin wannan lissafi. Jera makunni biyu a waya ɗaya, fitila ba ta kamawa sai an kunna wannan da wancan. Raba musu hanya, sai ta kama in an kunna wannan ko wancan. Daga "da" da "ko" da "ba" ake gina da'irar da take tara lambobi, daga nan har a kai ga ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihunku.

Shekara ta uku da ta huɗu darussa ne masu yawa, ba zan tsaya kan kowanne ba. Akwai ginin cikin injin, da manhajar da take tafiyar da shi irin su Windows da Linux, da rumbun bayanai wanda banki yake ajiye lissafin kuɗinku a ciki, da yadda kwamfutoci suke magana da juna har aka sami intanet, da yadda ake rubuta tafintan da yake mayar da umurnin mutum zuwa ɗaya da sifiri. Ana tura ɗalibi koyon aiki a ma'aikata, galibi wata shida, a ƙarƙashin shirin SIWES. A ƙarshe ya yi aikin bincikensa, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Abu ɗaya da ya ba ni mamaki a nan: tun 1936, kafin a ƙera kwamfutar zamani, Alan Turing ya tabbatar da cewa akwai tambayoyin da babu injin da zai iya warware su, komai girmansa. Ƙirƙirarriyar basira kuwa da ake ta yayi yanzu, in ka buɗe cikinta aljabara ce da ƙididdiga da kalkulas ɗin nan da ya kayar da ni.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ɗanka ko 'yarka ta ce kwamfuta take so, kada ka duba yadda ta iya latsa waya, ɗauko sakamakonta na lissafi. Jami'a za ta nemi kiredit a lissafi da Turanci da fiziks, kuma za a zauna musu a jarrabawar JAMB. In gyaran waya ko buga takardu yaro yake so, sana'o'i ne na mutunci, ana ci da su, amma ba sai an yi shekara huɗu a jami'a ba.

Yanzu ga maganar kuɗinmu. Shugaban makaranta ya shaida mana da safen nan cewa malamin lissafi ɗaya ne yake riƙe da manyan azuzuwa duka. Ni kuma na sha shiga makarantun da aka kai wa kwamfutoci da biki da ɗaukar hoto, bayan shekara ka tarar da su lulluɓe da leda, ɗaki a kulle, ba wuta, ba mai koyarwa. Shawarata ita ce a raba kuɗin nan uku. Kashi biyu a ɗauki ƙarin malamin lissafi, a biya shi na shekara biyu, a sayi littattafai. Kashi ɗaya a sayi injuna 'yan kaɗan da farantin sola da zai riƙe su. Ni kuma na ɗauki alkawari, a gaban malamaina, Asabar ɗin farko ta kowane wata zan zo in koyar da 'yan aji biyar rubuta umurni, ba da ko sisi ba.

Na san akwai waɗanda suka riga suka karɓo farashin injuna talatin, kuma na san sun sha wahala a kai. Shugaba, ina roƙon a ba su dama su ma su yi magana kafin a ɗaga hannu.