Furen Kabewa Ma Abin Miya Ne



Mu 'yan kwamitin lambu minti kaɗan aka ba mu, to a kan abu guda za mu tsaya: furen kabewa, wannan mai ruwan ɗorawa da muke bari yana zubewa duk damina. Ana cin sa. Mutanen Italiya soya shi suke yi cikin ƙullun fulawa, a Meksiko kuwa har a kasuwa ake sayar da shi ɗauri-ɗauri, a yi miya da shi.

Amma fa a kula! Kar a je gida a tsige fure kaf, kaka ta zo babu kabewar taushe, a ce kwamiti ne ya jawo. Furen nan iri biyu ne. Namijin yana da siririn wuya dogo, shi ke fara fitowa, kuma ya fi yawa. Macen kuwa za ku ga 'yar ƙaramar kabewa a gindinta; ita ba a taɓa ta. Namijin ma a riƙa barin ɗaya ko biyu a kowace yaɗo, domin daga jikinsa ƙudan zuma ke kwasar garin nan ya kai wa macen. In babu shi, 'yar kabewar yanƙwanewa za ta yi ta faɗi.

Da sassafe ake tsinka, don rana na ɗagawa yake rufewa. A leƙa ciki tukuna, zuma da tururuwa na son kwana a nan. A cire tsinken tsakiya, a ɗauraye a hankali, a dafa a ranar. Ba ya jure ajiya.

Mu dai inda ya fi yi mana daɗi shi ne a tsoma shi cikin ƙullun ƙosai a soya, yara ba sa barin ko ɗaya. A miyar taushe kuma, sai an kusa saukewa za a yanka a zuba, in ba haka ba narkewa yake yi. Masu soya ƙosai na sayarwa, ku gwada, fure dai ba da kuɗi kuka saya ba.

Wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari, a bar shi. In kuma kun ɗanɗana kun ji ɗaci, a zubar. Farin furen duma mai buɗewa da yamma ba shi muke nufi ba.

Mai son gani da ido ta same mu a lambu da hantsi bai yi ba.