Asalin Dalma da Tutiya: Aikin Ruwan Zafi a Ƙarƙashin Ƙasa

Lacca ga al'ummar Digil, Mubi



Tozalin gargajiya, wannan dutse mai nauyi da ƙyalli, dalma ce haɗe da farar wuta. 'Yar'uwarta tutiya ita ake shafe kwanon rufi da ita don kada ya yi tsatsa. Yawanci rami ɗaya ake samun su, domin ruwa ɗaya ne ya kawo su.

Ga yadda abin yake. Ruwa kan bi tsagar dutse ya gangara can ƙasa, inda narkakken dutse ke dafa shi. Idan ya ɗauki zafi da gishiri, sai ya tsotso dalma da tutiya da ke warwatse ƙwaya-ƙwaya cikin duwatsu. Zafin ya sake turo shi sama. Da ya huce ko ya gamu da farar wuta, sai ya sauke kayansa a bangon tsagar, kamar yadda farin ɓawo ke taruwa a cikin butar shayi. Shekaru dubbai ana haka har tsagar ta cika, ta zama jijiyar ma'adini. A 1979 masana sun ga wannan aiki ido da ido a ƙasan Tekun Fasifik: ruwa baƙi ƙirin, mai zafin kusan digiri 350, yana feshi yana gina bututun ma'adini.

A nan gida, labarin na Kwarin Binuwai ne. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage a nan, teku ya shigo, narkakken dutse ya kutsa. Shi ya sa ma'adinan suka jeru a layi: Enyigba da Ishiagu a Ebonyi, Arufu da Akwana a Taraba, Zurak a Filato, Gwana a Bauchi. Ruwan Zafi na Lamurde shaida ce cewa ƙasa na dafa ruwa har gobe.

To mu fa? Muna kusa da tsaunukan Biyu da na Rumsiki, waɗanda aman wuta ya bari. Amma wuta kaɗai ba ta haifar da dalma. Sai an haɗa zafi, ruwan gishiri da tsaga. Saboda haka, samari, kada a ɗauki diga don an ga dutse na ƙyalli. A nemi masanin duwatsu ya auna tukuna.

Kuma dalma guba ce. A 2010 ƙurarta ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida. Kada a daka dutsen haƙa inda yara ke wasa, kada a sa wa jariri tozalin dutse.

Allah ya sa mu amfana da abin da muka ji.