Amsoshin Wasiƙunku: Mece Ce Sharon Mai Cin Tumatir?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomin rani a Kura ta Jihar Kano. Ya ce sau huɗu yana yi wa tumatirinsa feshi, amma ganye sai bushewa yake yi kamar an babbaka. Yana so ya san ko sharon ɗin nan ciwo ce ko ƙwaro, kuma daga ina ta fito.

To malam, sannu da haƙuri. Sharon dai tsutsa ce, uwarta kuwa wata 'yar ƙaramar faɗa-wuta ce, wato irin ƙwarin nan masu kama da malam-buɗe-littafi da ke zagaya fitila da dare. Tsawonta bai wuce milimita 7 ba, kamar ƙwayar shinkafa. Launin toka gare ta, da ɗigo-ɗigon baƙi a fukafukai, da gashi biyu dogaye sirara a ka. Da rana takan laɓe cikin ganye, sai magariba ta yi sannan ta fito.

Masana sun sa ta cikin wani babban dangi mai suna Gelechiidae, mai iri fiye da dubu 4. 'Yan'uwanta ba baƙi ba ne a wurinku: akwai jar tsutsar auduga, akwai kuma 'yar faɗa-wutar da ke huda hatsi a rumbu. A 1917 wani Baturen Ingila, Edward Meyrick, ya fara bayyana ta daga ƙasar Peru, ya sa ta a gidan da ake kira Phthorimaea, gida ɗaya da mai cin dankalin Turawa. Daga baya aka yi ta sauya mata gida har ta yi suna da Tuta absoluta. A 2021 wasu masana suka mai da ita gidanta na farko.

Asalinta Kudancin Amurka. A 2006 aka gan ta a Sifen, daga nan ta bazu zuwa Afirka. Ba ku manta da 2016 ba, lokacin da ta yi wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina ɓarna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Ga dalilin da ya sa feshinka bai yi aiki ba. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganye ta shige tsakaninsa, tana ci daga ciki, saboda haka magani bai cika taɓa ta ba. Cikin wata guda, ko ƙasa da haka in bazara ta yi zafi, ta zama uwa ita ma. In kuma aka nace wa magani iri ɗaya, sai ta saba da shi, kuɗinka ya tafi a banza.

Don haka da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ka riƙa duba iri tun kafin dashe. Ganyen da ka ga ya yi farin tabo, tsinke shi ka binne da zurfi. Ka nemi tarkon da ke ɗauke da ƙanshin macen, a ɗora bisa kwanon ruwa da ɗan sabulu, mazan za su faɗa ciki. Yawansu zai nuna maka lokacin feshi. Feshin kuwa da yamma, a riƙa sauya magani bisa shawarar malamin gona. Bayan girbi a tattara sauran tsiron a ƙone, kada kuma a bi tumatir da gauta ko dankalin Turawa, don su ma tana cin su.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku riƙa kakkaɓe kwanduna, domin a cikinsu take yin tafiya gari-gari. Manoman fadama guda su yi aikin tare, in ba haka ba ta maƙwabci za ta dawo maka.

Allah ya ba da amfani mai albarka. Sai mako mai zuwa.