Jawabi ga Ɗalibai Masu Zuwa Koyon Aikin Hulɗa da Jama'a

Da yawa cikinku kuna so a tura ku koyon aikin hulɗa da jama'a wurin wasanni da bukukuwa, kuna zato aikin shi ne zama kusa da manya a rumfa. To, ba haka ba ne.

Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi. Ranar gasa dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora. Ɗan koyo kuwa, wurinsa gindin ma'auni ne. Kadan aka ɗora giwan ruwa, sai ya karanta nauyin da idonsa, ya tambayi mai kifin sunansa da garinsa, ya rubuta, sa'an nan ya kai wa 'yan jarida. In ya ƙara ko kilo ɗaya bisa ga ji-ta-ji-ta, har gidajen rediyo suka baza, to, ya jawo wa hukumar da ta aiko shi kunya.

Haka nan sarautu. Kada ku kira Waziri da Galadima. Ku nemi jerin manyan baƙi tun jajibiri, ku kai wa wani dattijon fada ya duba muku. Ku zo da alƙalami biyu, da malafa saboda rana.