Nawar Kwamfuta Wajen Tashi: Jawabi Ga Ɗalibai Da Ƙananan Ma'aikata A Birnin Zariya



An nemi in yi magana a kan nawar da kwamfuta ke yi idan an kunna ta. Ga mai wuta dare da rana, wannan ƙaramin abu ne. Amma ɗalibin da ke zaune a Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, batirin na'urarsa ya gaji, ga wa'adin miƙa kundin bincike a Kongo ko Samaru ya matso, shi ya san minti 10 na jira ba wasa ba ne. Kafin na'ura ta wartsake, an ɗauke wuta.

Da ka danna maɓalli, sai na'urar ta duba kayan cikinta, sa'an nan ta ɗebo Windows daga faifan ajiya ta zuba a ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM. Daga nan sai duk manhajojin da suka ba kansu izinin tashi tare da ita su taso gaba ɗaya. Ku dubi Ƙofar Doka da safe: 'yan makaranta, masu Keke, 'yan kasuwa, kowa na son wucewa a lokaci guda. To, haka abin yake.

Saboda haka maganin farko ba ya cin ko kwabo, watau rage cunkoson. A Windows 10 ko 11, haɗa Ctrl da Shift da Esc ka danna, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Startup, za ka ga jerin masu tasowa, da nauyin da kowace ke ɗora wa na'urar. Ka dakatar da wadda ba ka bukata da sassafe, irin su Zoom da Teams. Dakatarwa ba gogewa ba ce. Duk sa'ad da ka neme ta tana nan. Sai dai kada ka taɓa manhajar tsaro. Ita ma guda ɗaya ta isa, domin biyu in sun haɗu, junansu suke tare wa hanya. Waɗanda kuwa ake talla wai suna ƙara sauri, a ganina yawancinsu ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji.

Amma babbar cutar tana wajen faifai. Da yawa daga kwamfutocin hannu na biyu da muke saye suna ɗauke da tsohon faifai mai juyawa sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu mai bin samansa yana neman bayanai ɗaya bayan ɗaya. Sabon ma'aji da ake kira SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, don haka tashin da ke cin mintoci yakan koma 'yan daƙiƙu. Wanda kuɗinsa bai kai na sabuwar na'ura ba, nan ya kamata ya sa su, bayan ya kwafe ayyukansa a wani wuri dabam. In da saura, ya ɗaga RAM daga gigabait 4 zuwa 8.

Akwai kuma abin da garinmu ke jawowa. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, ta yi zafi, ta rage wa kanta gudu. A kai ta a hure. Mutuwar farat ɗaya in wuta ta ɗauke takan sa Windows ta tsaya binciken faifai a tashi na gaba. Filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu kuwa, a bincike shi kafin a buɗe.

Ma'aikata su lura: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar kowace tsohuwar na'ura. In kwamfutar ofis ce, kada ka kwance ta da kanka. Rubuta wa sashen da ke kula da ita.