Kejin Kifi a Teku: Abin da Ya Faru a Tsibirin Chiloe



An nemi in yi magana a kan kiwon kifi na manyan kamfanoni a cikin teku, da dalilin da ya sa mazauna gaɓa ke tayar da jijiyar wuya a kansa. Ƙasa guda zan ɗauka, wato Chile, a Kudancin Amurka, wadda Norway ce kaɗai ta fi ta kiwon kifin salmon a duniya. Kifin nan baƙo ne a ruwan Chile, daga arewacin duniya aka kawo shi, kuma sana'ar ta kankama ne a shekarun 1980.

Mai kiwon tarwada a bayan gida dole ya canza ruwa, ya kuma san inda zai zubar da gurɓataccen. Mai kejin teku ya huta da wannan wahalar. Raga ce babba yake kafawa a mashigin teku, ya cika ta da kifi dubun dubata. Kifin kaɗai ragar take tsarewa. Kashinsu da ragowar abinci da magani duk zarcewa suke yi ƙasa, su taru, su ruɓe, su cinye iskar da ke cikin ruwan, har ƙasan ya koma baƙar laka mai ɗoyi wadda ba abin da ke rayuwa a cikinta. Ruwan jama'a ne ke kwashe masa shara, kuma kyauta.

Inda aka cunkushe dabba, cuta ba ta jiran gayyata. A 2007 wata annoba ta faɗa wa kejunan Chile, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. A 2015 kamfanonin ƙasar sun ɗura wa kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta fiye da tan 550. Norway, da ta fi su yawan kifi, ko tan ɗaya ba ta kai ba.

Sai 2016. A farkon shekarar ruwa ya yi ɗumi, wata gansakuka mai guba ta bazu, ta kashe salmon miliyoyi a cikin keji. Mushe ya fi ƙarfin masana'antun da ke sarrafa shi. Hukuma ta ba da izinin zubar da har tan 9,000 a teku, aka kuwa loda ruɓaɓɓen kifi fiye da tan 4,500 a jiragen ruwa, aka juye shi a nisan fiye da kilomita 130 daga tsibirin Chiloe. Bayan 'yan makonni, mutanen tsibirin suka wayi gari gaɓa ta cika da matattun halittu masu ɓawo, dangin katantanwa, waɗanda su ne cinsu da cinikinsu. Wata gansakukar ce kuma ta zo, mai sa wa waɗannan halittu dafin da ke iya kashe mutum. Gwamnati ta hana ɗiba, ta yi tayin peso 100,000 ga kowane gida. Masunta suka ce raini ne. A watan Mayu suka datse hanyoyi, suka ƙona tayoyi, suka tsayar da jiragen fito, tsibirin ya yanke daga sauran ƙasar fiye da mako biyu.

A nan ina roƙon a bi a hankali. Kwamitin masana da gwamnati ta kafa ya ce ba mushen ne ya haddasa gubar ba, ya jingina ta ga yanayin ɗumamar ruwan teku da ake kira El Niño na waccan shekarar. Ba ni da hujjar ƙaryata su. Amma a ganina wannan bai wanke kowa ba. A 2018 Kotun Ƙolin Chile ta yanke cewa hukumomin da suka ba da izinin sun saɓa wa doka, domin sun amince ba tare da binciken da ya kamata ba. Kukan masunta kenan tun farko: an taɓa abincinsu, ba wanda ya tambaye su. A 2018 ɗin ce kuma guguwa ta yaga kejunan kamfanin Marine Harvest, salmon kusan 690,000 suka tsere, kifi mai cin 'yan'uwansa, cikin ruwan da ba nasa ba.

Kada a ɗauka tsibirin baki ɗaya yake magana. Bayan tagulla, salmon na cikin manyan abubuwan da Chile ke fitarwa, kuma a gida ɗaya za ka tarar miji masunci ne, matar kuwa a masana'antar yanka kifin take karɓar albashi. Shi ya sa a Chiloe mutane da yawa gyara suke nema, ba kora ba.

Can ƙuryar kudu, inda sana'ar ba ta riga ta yi saiwa ba, magana ta fi sauƙi. Da Sarki Harald na Norway ya kai ziyara garin Puerto Williams a 2019, 'yan ƙabilar Yagan da maƙwabtansu da alluna suka tarbe shi, cewa ba sa son keji a mashigin Beagle. A ɗaya gaɓar mashigin, majalisar lardin Tierra del Fuego na Ajantina ta zartar da doka a watan Yunin 2021, ta haramta kiwon salmon a kejin teku tun kamfanonin ba su kafa nasu ba.